Sabon Inji, Tsohon Zafi: Me Ke Sa Peugeot 504 Tafasa Bayan An Yi Mata Aiki?

Akwai ƙorafin da ake yawan ji daga bakin masu farfaɗo da tsofaffin motoci, musamman Peugeot 504. An sauke inji, an sa sababbin fistin da ringi da silif, an sa sabon gasket, an kashe kuɗi masu kauri, amma ranar da aka fito da motar kan titi sai allurar zafi ta kama hanyar ja. Abin da ya fi ɓata wa mai mota rai shi ne, sau da yawa kafin aikin ba ta yin haka. Tana shan baƙin mai, tana hayaƙi, ba ta da ƙarfi a hawa, amma ba ta tafasa. Idan ya koma gareji, amsa ɗaya ce daga cikin biyu: ko dai a ce masa, "Alhaji, sabon aiki ne, a bar shi ya saki jiki," ko kuma a cire tamostat a ɗaure fanka ta riƙa juyawa kullum. Amsar farko tana da ɗan kaso na gaskiya. Ta biyun ba gyara ba ce, rufe bakin motar ne don kada ta faɗi abin da ke damunta.

Motar ta cancanci a yi mata fiye da haka. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai. Motar da ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Kano da Maiduguri a cikin bazara, da kaya a but da kan rufi, ba za a ce tun asali ba ta jure zafinmu ba. Idan yau ta tafasa, wani abu ne ya sauya daga yadda aka ƙera ta, kuma a injin da aka buɗe kwanan nan akasari hannun mutum ne ya sauya shi.

Lissafin zafin inji mai sauƙi ne. Daga ƙarfin da ke cikin fetur ɗin da aka ƙona, abin da ke komawa juya ƙafafu bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, a tsofaffin injina ma bai kai haka ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku yana fita ta salansa. Sauran kuwa ruwa ne zai kwashe shi daga jikin ƙarfe ya kai lagireto, iska kuma ta karɓe shi daga nan. Saboda haka ƙofofi uku kawai zafi ke shigowa ta cikinsu: ko injin yana haifar da zafi fiye da ƙima, ko ruwa ba ya kwasarsa yadda ya kamata, ko iska ba ta karɓarsa. Nan ne kuma sirrin motar da ba ta tafasa sai bayan gyara yake. Injin da ya gaji, wanda ringinsa suka cinye, ba ya matse iska da fetur sosai, ba kuma a iya taka shi da ƙarfi. Tsohon lagireto mai rabin toshewa yana iya ɗaukar nauyinsa. Da aka dawo wa injin da cikakken ƙarfinsa, aka ƙara masa gogayyar sababbin ringi, sai aka mayar masa da wannan lagireton yadda yake, aka yi masa baƙin fenti kawai. Kuɗin aikin duk ya ƙare a kan inji, ɓangaren sanyaya shi bai ga ko kwabo ba.

Amma kafin a zargi kowane ƙarfe, sai an tabbatar zafin na gaskiya ne. Wannan mataki ne da ake tsallakewa, alhali shi ya fi kowanne araha. Allurar da ke gaban direba ba ta auna komai da kanta, saƙo take karɓa daga wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikin inji. Idan aka sayo sabuwar na'urar da ba ta dace da tsohuwar allura ba, abin da allurar za ta nuna ba shi ne gaskiya ba. Haka nan idan aka yi wa inji sabon fenti aka ɗaure wayar ƙasa a kan fentin, wuta ba za ta bi hanyarta daidai ba, allura kuma ta riƙa hawa duk lokacin da aka kunna fitila. Ma'aunin zafi na hannu, irin wanda ake saita shi daga nesa ya ba da lamba, ya wadatar. A auna gidan tamostat da saman lagireto bayan injin ya yi ɗumi. Injin irin wannan zamani yana aiki lafiya tsakanin digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin salshiyas, kuma ɗan hawa sama da haka a cikin cunkoso da tsakar rana ba laifi ba ne muddin yana saukowa da zarar hanya ta buɗe.

Akwai kuma zubar ruwan da ba tafasa ba ne. Tsofaffin motoci da yawa ba su da gorar da ke karɓar rarar ruwa, an ƙera su ne a bar ɗan fili a saman lagireto domin ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Mai mota mai tsananin kula sai ya cika shi har baki kowace safiya, ruwan ya kumbura ya fita ta siririn tiyon gefe, washegari ya ga ya ragu ya sake cikawa, ya kuma yanke hukuncin motarsa tana shanye ruwa. A bar shi ya nemi matsayinsa. Idan ya tsaya a wuri ɗaya yana rufe bakin bututun ciki, babu matsala. Haka ma hawan da allura ke yi 'yan mintuna bayan an kashe inji: famfon ruwa ya tsaya, zafin da ke cikin ƙarfe yana shiga ruwan da ba ya motsi, ba wani abu ba ne.

Idan ma'auni ya tabbatar zafin na gaske ne, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: yaushe? Bakaniken da ya fara da "Ranka ya daɗe, a ina take yi maka, a gosulo ko a kan babbar hanya?" ya riga ya yi rabin aikin kafin ya ɗauki sifana. Ina ganin da wannan tambayar ake gane gwani. Motar da ke zafi a tsaye ko a cikin cunkoson Sabon Gari, amma ta huce da zarar ta kama hanyar Zariya, matsalarta iska ce. A kan gudu iskar gaba ce ke ratsa lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai aka dogara da ita. Wadda ke lafiya lau a cikin gari amma allurarta ta riƙa hawa a hankali idan aka daɗe ana gudu, ko aka kama hawa irin na Hawan Kibo a kan hanyar Jos, iska ta wadace ta. Nata laifin yana wajen gudun ruwa, ko lagireton da ya gaza, ko kuma injin da ke ƙona fetur ba a kan ƙa'ida ba. Wadda kuwa ke tafasa cikin 'yan mintuna da tayar da ita, lagireto yana nan da sanyinsa, ruwanta ne ba ya zagayawa sam.

Ɓangaren iska ba ya ɗaukar dogon lokaci. Peugeot ta yi suna da wata fanka mai maganaɗisu a 404 da 504, wadda ba ta kamawa sai wani makunni da ke jikin lagireto ya ji zafi ya ba ta wuta. A motar da ke da irin wannan fanka, a tsaya a gani da ido ko tana kamawa, domin makunnin yana mutuwa, ɗan gawayin da ke kai mata wuta yana cinyewa, waya kuma ana mantawa da ita lokacin mayar da inji. Sai fambel, ko ya yi sako-sako yana zamewa. Sai fuskar fankar kanta, don ana iya ɗaura ta a juye: za ta ci gaba da jan iska ta ɓangaren da ya kamata, amma kaɗan ƙwarai. Wanda ya ƙara fankar lantarki kuma ya tabbata ba a juya mata waya ba, kada ta riƙa tura iska gaba tana faɗa da iskar hanya. Takarda ɗaya a gaban lagireto ta isa gwaji: idan ta manne, ana jan iska. Kada a raina murfin da ke zagaye da fanka da robobin gefen lagireto, waɗanda sukan ɓata a gareji ba wanda ya damu. Idan babu su, fanka tana jan iska daga gefe ne, ba ta cikin lagireto ba. Fenti mai kauri a kan siraran fukafukan lagireto, da manyan fitilun ado a gaban hanci, da na'urar sanyaya ɗaki da aka ƙara wa motar da ba ta zo da ita ba, duk suna cin rabon iskar.

Ɓangaren ruwa ne ya fi faɗi, kuma a nan ake samun yawancin laifin. Abu na farko a injin da aka zuba wa ruwa sabo shi ne iskar da ta maƙale a ciki. Iska ba ta kwasar zafi, kuma idan ta taru a bayan tamostat sai ta hana shi jin zafin ruwan, ya ƙi buɗewa. Alamarta allura mai hawa da sauka ba tsari. A ɗaga gaban motar kaɗan, a zuba ruwa a hankali, a bar injin ya yi ɗumi murfi a buɗe har tamostat ya buɗe ruwa ya faɗa, sannan a ƙara.

Sai lagireton. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar shayin da aka daɗe ana dafa ruwan rijiyar burtsatse a cikinta ya ga farin dutsen da ke kama jikinta. Abin da shekaru talatin ko arba'in na irin wannan ruwan ke yi wa siraran bututun lagireto da hanyoyin ruwa na cikin inji ke nan, ga tsatsa a kai. Wannan ɓawon yana hana zafi ratsawa, yana kuma rage faɗin hanya. Mugun abin da ke faruwa lokacin gyara shi ne, bugun guduma da wanki suna kakkarya ɓawon da ke cikin bulok ba tare da an fitar da shi duka ba. Da aka tayar da inji sai ruwa ya kwashe ɓarɓashin ya kai saman lagireto ya toshe bakin bututun, har da na sabon lagireto. Ƙari a kan haka akwai gam ɗin da wasu ke lafta wa kowane gasket, rarar da ta matso ciki takan tsinke ta bi ruwa. Gwajin ba wuya: bayan injin ya yi zafi an kashe shi, a bi fuskar lagireto da ma'auni daga sama zuwa ƙasa, daga gefe zuwa gefe. Zafin ya kamata ya riƙa raguwa daidai-wa-daida. Duk inda aka tarar da tsiri mai sanyi, bututun wurin a toshe suke. Zura tiyon famfo a ga ruwa ya fito ta ƙasa ba hujja ba ce, ruwa zai bi 'yan bututun da suka rage ya fito. Maganin shi ne a kai wa masu lagireto su buɗe kansa su tsefe bututun ɗaya bayan ɗaya, ko su sauya cikin gaba ɗaya. Tsohon lagireton tagulla yana karɓar irin wannan gyara, abin da na roba na zamani ba ya yi, don haka kada a yi saurin jefar da shi.

Famfon ruwa yana iya kasancewa ba ya yoyo, ba ya ƙara, amma fukafukansa na ciki tsatsa ta cinye su, ko suna zamewa a kan sandarsu idan an taka wuta. Sabo ma ba a rantse a kansa ba. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun na kirki, ana kuma samun kwaikwayon da fukafukansa ba su kai girman na asali ba, sai an ajiye tsoho da sabo gefe da gefe ake ganewa. Tiyon ƙasa, wanda famfo ke zuƙar ruwa ta cikinsa, idan ya yi laushi ko aka sa wanda ba shi da wayar da ke tokare shi daga ciki, yakan lotse a kan gudu ya shaƙe hanyar, ya kuma koma daidai da zarar an tsaya an buɗe bonet. Shi ya sa sai an sa wani ya taka totur ana kallonsa.

Murfin lagireto ƙarami ne, aikinsa babba. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Jos kuwa, da ke kusan mita 1,200 sama da teku, yana tafasa wajen digiri 96. A bakin teku, murfin da ke riƙe matsi na rabin bar yana ɗaga wannan iyaka zuwa kusan digiri 111, mai riƙe bar ɗaya kuma zuwa kusan 120. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya mutu, injin da ke aiki a zafin da bai wuce ƙa'ida ba ma yana iya amayar da ruwa a kan hawa. Tsofaffin lagireto da yawa suna da dogon wuya, murfin zamani mai gajeriyar ƙafa zai ɗauru a kai tsaf amma ba zai kai ƙasan wuyan ya toshe ba. Kada kuma a ce bari a sa mai ƙarfi fiye da abin da aka rubuta wa motar, tsohuwar dalma da tsofaffin tiyo ba za su jure ba.

Yanzu tamostat, wanda ya fi kowane ƙarfe shan zalunci a garejinmu. "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne" ita ce maganar da ake cire shi da ita. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, sannan ya buɗe. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya, ba shi da sauran iko a kan yadda zafi zai hau. Ke nan idan yana da lafiya, cire shi ba zai ƙara wa lagireton da ya toshe ƙarfi ba, zai jinkirta tafasar ne kawai, motar da ke tafasa a Kwanar Dangora ta koma tafasa a gaba kaɗan. Abin da ake asara kuwa da yawa. Da asubar hunturu injin zai daɗe yana aiki da sanyi, fetur yana wanke mai daga jikin silif, sababbin ringin da ake so su zauna suna cinyewa. 'Yar matsewar da tamostat ke yi wa hanya tana ƙara matsin ruwa a cikin top, wato kan inji, abin da ke hana ƙananan kumfa tashi a wuraren da suka fi zafi, kusa da bawul ɗin hayaƙi. A wasu injinan kuma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, cire shi na barin wannan hanya a buɗe har abada. Gaskiya ne yana lalacewa, yana maƙalewa a rufe, ana kuma sa shi a juye. Gwajinsa tukunya ce da ruwa da ma'auni: a rataye shi a ciki a ɗora a wuta, a ga ko ya fara buɗewa a lambar da aka buga a jikinsa, ya kuma buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. Idan ya gaza a sayi wani, ɓangaren sifirin ya kalli inji.

Idan iska da ruwa duk sun fita daga zargi, sai a juyo kan injin da kansa, kuma a fara da tayimin. Distirbuto yana cikin abubuwan da ake cirewa lokacin aiki, mayar da shi kuma da kunne ake yi a wurare da yawa. Idan wutar filogi tana zuwa a makare, fetur yana ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, zafin da ya kamata ya tura fistin sai ya ƙare a jikin top da bakin salansa. Motar za ta yi nauyi, ta sha mai, bututun hayaƙi ya yi zafin da ya wuce misali, wani lokaci har ya yi ja a cikin duhu. Saita tayimin a silo kaɗai bai isa ba. A cikin distirbuto akwai 'yan ƙarafa masu sifirin da ke buɗewa da gudu su gaggauta wutar, akwai kuma wata 'yar tukunya mai tiyo da ke aiki da zuƙar iskar inji. Bayan shekaru da yawa ƙarafan suna maƙalewa, fatar cikin tukunyar tana hujewa. Injin zai yi daidai a tsaye, ya makara a kan gudu, ya yi ta tara zafi a kan babbar hanya. Da fitilar tayimin ake ganin wannan: a taka totur a ga ko alamar tana matsawa. Kafireto ma haka. Idan fetur ya yi ƙaranci a cikin iska, ko don jet ya toshe ko don iska tana satar hanya ta gasket ɗin da bai zauna ba, zafi yana ƙaruwa a lokacin da ake neman ƙarfi, kuma bakin filogi zai fito fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma zafin da ke zuwa daga wurin masu injin kankare ƙarfe. Top ɗin 504 na alminiyom ne, yana lanƙwasa idan ya sha zafi, saboda haka kusan duk wanda ya kai yau an taɓa kankare fuskarsa, wani ba sau ɗaya ba. Kowace kankara tana rage ɗakin da fetur ke ƙonewa, matsi ya ƙaru, injin ya fara ƙara ƙas-ƙas a hawa. Sai bakanike ya ja tayimin baya don ƙarar ta ɓace, ta haka kuma ya buɗe wa zafi ƙofa. Top ɗin da ya wuce iyakar da kamfani ya gindaya sauya shi ake yi. Ita kuwa maganar "sai ya saki jiki", iyakarta a san ta. Sabon aiki yana ɗan fin tsoho zafi a tafiyar farko, ɗan kaɗan, yana kuma raguwa. Amma injin da ke tafasa, ko wanda sitata ke juya shi da ƙyar idan ya yi zafi, an haɗa shi ne a matse fiye da ƙa'ida, wataƙila ba a auna tazarar bakin ringi ko ta fistin da silif ba. Wannan ba ya sakin jiki, bugawa yake yi. A duba abubuwa biyu da ba na inji ba kafin a wuce: birkin da ke riƙewa, da salansar da ta toshe.

Na bar gasket a ƙarshe da gangan, ko da yake shi ake fara ambata. Buɗe top yana cin kuɗi da lokaci, bai kamata a yi shi a kan zato ba. Sai dai a injin 504 zaton yana da tushe, saboda yadda aka gina shi. Injin mai silinda huɗu ne, wanda aka fi sani mai cc 1971, a kishingiɗe gefe guda, kuma silif ɗinsa ba a manne suke da bulok ba. Kowanne zura shi ake yi, ruwa yana taɓa bayansa kai tsaye, yana zaune a kan siririn abin toshiya a gindi, bakinsa kuma dole ya ɗara fuskar bulok da wani ɗan tsayi da ido ba ya iya tantancewa. Wannan ɗan tsayin ne ke sa gasket ya cije bakin kowace silinda. Idan silif ɗaya ya yi ƙasa da 'yan uwansa, ko aka bar tsatsa a mazauninsa, ko aka juya karanshaf top yana cire ba tare da an danne silif ɗin ba har suka motsa, to sabon gasket ba zai riƙe ba komai tsadarsa. Aikin agogon awo ne da littafin kamfani, ba na yatsa ba. Haka ɗaure ƙusoshin top: akwai tsarin wanda za a fara da wanda zai biyo, akwai adadin ƙarfi, da sifana mai ma'auni ake yi, ramukan ƙusoshin kuma a share su daga mai da ruwa. Injinan wannan zamani da yawa ana sake ɗaure musu top bayan tafiyar farko, a sake saita bawul, kuma mutane ƙalilan ne ke komawa gareji don wannan. A kuma ɗora sabon gasket a kan tsoho a gwada ramukan ruwa kafin a sa, domin na kwaikwayo yakan zo da rami a rufe ko a karkace.

Alamun gasket suna da tsari. Tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayar da inji mai sanyi, tun ruwa bai yi ɗumi ba, wannan hayaƙi ne ke shiga ruwa. Kumfa masu tasowa ba tsayawa a wuyan lagireto. Ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Farin tururi daga salansa bayan injin ya gama ɗumi. Filogi ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da launi. Baƙin mai ya koma fari-fari, wanda a wannan injin yana iya nufin gindin silif ne ke yoyo ba gasket ba. Rashin ganin ruwa a cikin mai kuma ba ya wanke gasket, don yana iya fashewa tsakanin silinda da hanyar ruwa kaɗai. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a wuyan lagireto, wanda ke komawa rawaya idan akwai hayaƙin fetur a ciki. Akwai famfon hannu da ake matsa lagireto da shi a ga ko allurarsa za ta sauka. Akwai auna matsin kowace silinda, da hura mata iska a ga ko kumfa za su fito ta lagireto. Biyu daga cikin waɗannan su yi daidai kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. A tuna kuma gasket sau da yawa zafi ne ya kashe shi, ba shi ya kawo zafin ba. Idan aka sauya shi aka bar lagireton da ya toshe, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Abin da za a zuba bayan an gama yana da nasa muhimmanci. Ba ma fama da ƙanƙara, kuma ruwa zalla ya fi ruwan magani kwasar zafi, wannan gaskiya ne. Amma injin da ya haɗa bulok na baƙin ƙarfe da top na alminiyom da lagireton tagulla yana cin kansa idan babu maganin tsatsa, alminiyom ɗin ne kuma ke fara tafiya. Ruwan da aka tace, irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, a gauraya shi da ruwan maganin lagireto na gaske yadda aka rubuta a jikin gorar, shi ne daidai. Ruwan maganin nan yana da zaƙi kuma guba ne, a ɓoye shi daga yara da dabbobi. Ranar da allura ta kai ja a kan hanya kuwa, a sauka gefe a kashe inji a jira. Buɗe murfi a lokacin yana sakin matsin da ke riƙe ruwan, ya tashi gaba ɗaya ya ƙona fuska da hannu, kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi kuma yana iya tsaga top ɗin da yanzu samun na asalinsa sai an sha yawo. Bayan ya huce a ƙara ruwa a hankali, a lura da inda abin ya faru, da gudun da ake yi, da ko akwai hawa, domin da wannan bayanin bakanike zai san ɓangaren da zai fara dubawa.